Wai da gaske sun kashe ACP Pradyuman a CID?

Dan_Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu bin CID, shirin 'yan sandan Indiya ɗin nan na talbijin, ina da tambaya, ku yi haƙuri zan ɗan ja magana don abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya.

Mu gidanmu tun ina firamare ake kallon wanga shiri, Baba ne ma ya jawo mu ciki lokacin da ya sa dishi. Shi ba ya jin Indiyanci ko kalma guda, amma da ya ga ACP Pradyuman, shugaban 'yan sandan shirin, maigidan su Abhijeet da Daya, ya ɗaga hannun nan nashi yana juya yatsu yana zare ido sai ya gyara zama ya ce to, tsoho ya shinshino wani abu, yanzu za ku ga Daya ya ɓalle ƙofa. Da anka tsaida shirin a 2018 ya daɗe yana cigiyarshi, da anka dawo da shi Disamba 2024 ni ne mai zuwa shagon masu turi in ciko memori, bayan isha'i mu jona a talbijin in akwai wuta, in babu mu jingina waya jikin fulas ɗin shayi a tsakar gida kowa ya matso. Muna baya sosai don mun aje shi da azumi kuma ba kullum nake samun zuwa karɓowa ba.

To shekaranjiya munka iso wurin da bam ya tashi da ACP. Baba bai ce komai ba, butarshi kawai ya ɗauka ya shige. Jiya na sa na gaba ko za a ce kuskure ne, sai ga wani yaro fes da shi, gashi a gyare, wai shi ne sabon ACP. Baba ya kalle shi ya kalle ni ya ce wannan ne zai ba Abhijeet umurni? Kashe min abin nan.

Tambayata, mutumin ya bar shirin ke nan har abada? Rashin lafiya ne ko faɗa sunka yi da masu shirin? Kuma ku da kunka yi gaba, akwai amfanin in ci gaba da ɓata kuɗina wajen turi?

Ummu_Hanan_Arkilla:

Wa alaikumus salam. Ƙanena wallahi ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni ba mutuwar cikin shirin ce ta fi ƙona min rai ba, yadda anka sanar da ita ne. Watan Afrilu 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, tashar Sony ta saka hotonshi a shafinta da kalaman bankwana kamar ta'aziyyar gaske, kafin ka ce me hoton ya cika status ɗin WhatsApp, yayata da ke aure Runjin Sambo ta kira ni muryarta na rawa wai ACP ya rasu, ita duk a zatonta Shivaji Satam, ɗan wasan da ke fitowa a ACP ɗin, shi ne da kanshi ya mutu. Kuma ba laifinta ba ne don Dinesh Phadnis, Freddy ɗin nan mai ba mu dariya mai tsoron matarshi, shi da gaske ya rasu a Disamba 2023, to mutum ya riga ya ji ɗaya ta tabbata me zai hana ya yarda da ta biyu.

Ni tun ranan na aje. Mutum ya yi shekara ashirin yana shigowa ɗakinka duk mako, da shi na yi goyon Hanan ga ta yanzu tana sakandare, a ce rana ɗaya a tashe shi da bam ko sallama babu. Ko ritaya ai sai su ba shi, a yi mishi ɗan taro, yaranshi su sara mishi, mu ma mu yi kukanmu mu haƙura.

Malam_Bello_Dandima:

Hajiya Ummu na fahimce ki, amma bari in ɗan tare ma yaron nan faɗa don zagin da ya sha a intanet ya yi yawa kuma ba shi ya rubuta labarin ba. Sunanshi Parth Samthaan, a shirin ACP Ayushman, an fi saninshi da wasannin soyayya na talbijin, shi ya sa fuskarshi ba ta zauna ma mutane a kujerar ba. Haihuwar 1991 ne, ke nan ranar da CID ya fara a Janairu 1998 bai kai shekara bakwai ba. Shi kuwa Shivaji Satam haihuwar 1950 ne, ya yi kashi sama da 1,500 a zangon farko kaɗai, har da wanda anka ɗauka a 2004 minti 111 kyamara ba ta tsaya ba. To wa za a kawo ya cike wannan gurbi cikin mako biyu? Ko wa anka ɗauko sai an tsane shi.

Kuma ku duba, mutumin da ya haura shekara 70 dole wata rana ya huta, masu shirin suna da gaskiya su fara tunanin gobe. Inda sunka ɓata a ganina shi ne tsallake Abhijeet. Mutumin nan shi ne na biyu tun da daɗewa, mun ga an harbe shi, mun ga hankalinshi ya gushe ya manta kowa, duk a gaban idonmu, da shi anka ɗora kan kujerar sai a kawo yaron a matsayin ƙaramin jami'i ya taso a hankali, wallahi da rabin hayaniyar nan ba a yi ba. Na san a aikin ɗan sanda na gaske ana turo maka shugaba daga wani wuri ko ka girme shi, mu ma nan muna gani ana canza DPO yau gobe a kawo wani, amma mai kallo ba ofis yake kallo ba, gida yake kallo, ACP uba, Abhijeet da Daya manyan ɗiya, Dakta Salunkhe kawun nan mai gardama. Uba ya faɗi sai a ɗauko baƙo a ce shi ne maigida ga yayye zaune?

Mu ma ai mun ɗanɗana irinta a nan gida lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar Labarina anka kawo Fati Washa a matsayin Sumayya, an yi ta surutu, amma can suna ɗaya ne fuska ta canza, labarin bai mutu ba. Wannan kuwa mutumin sunka ɗauke gaba ɗaya.

Sadiya_Gawon_Nama:

Yaya Dan Mabera ka yafe ni zan ɓata maka kallo amma saboda Baba zan faɗa, ACP bai mutu ba!! Bayan 'yan makonni ya dawo da ranshi, kuma Shivaji Satam ɗin dai ne ba wani ba, shi kuma sabon bai daɗe ba ya tafi. Ka je ka karɓo na gaba kawai.

Dan_Mabera:

Allahu akbar, Sadiya Allah ya yi miki albarka, wallahi ba ki ɓata min komai ba. Malam Bello na gode da bayani, maganar Abhijeet ɗin nan ita ce daidai abin da Baba ke nufi bai dai tsaya ya faɗa ba.

Ummu_Hanan_Arkilla:

Na ji labarin ya dawo tun tuni, ni dai har yau ban koma ba. Ko tun farko sun shirya haka don a yi ta maganarsu, ko ihun mutane ne ya sa sunka janye, duk ɗaya ne wurina, sun sa yayata kuka a banza. Yanzu in an harbi Daya gobe wa zai ji tsoro, kowa ya san za a iya tado shi.

Dan_Mabera:

Anti Ummu ban ga laifinki ba. Na dai gaya ma Baba ɗazu bayan magariba yana kan tabarma, ya yi shiru ya ce ka tabbata? Na ce mutane sun gani da idonsu. Ya laluba aljihu ya ba ni ɗari biyar ya ce gobe in je wajen masu turi, amma in ce musu su tsallake duk na yaron nan, daga inda tsoho ya dawo za su zuba mishi.