Harajin mai aiki a ƙetaren iyaka

A majalisarmu ta Tudun Wada, wani ƙanenmu mai aiki a Maraɗi ya ce, "Yaya, ni wa zan biya wa haraji?" Masu sanin harkar suka ce ya fara ƙirga kwanakinsa: wanda ya yi kwana 183 a Najeriya cikin wata 12 mazauni ne, hukumar haraji ta jihar da yake zaune a cikinta na da haƙƙi a kansa ko da a waje ya samo kuɗin.

Shawarar da ta fi kama ni: duk rasidin harajin da aka cire masa a can, ya sa a leda tare da fasfo, domin da su zai nemi rangwame kada ya biya sau biyu. Bayanin kuɗin shiga na shekara kuma, ya miƙa wa hukumar haraji kafin ƙarshen Maris.