Laftof don AutoCAD da Revit: wacce zan ɗauka a Ikeja?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Laftof nake so don zanen gine-gine, AutoCAD da Revit kullum, sai Lumion, manhajar da ke fitar da zane kamar hoton gaske, jefi-jefi. Naira dubu 900 ke hannuna, kuma tokumbo zan saya a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja. An nuna min HP siririya mai Core i7-8550U da RAM 16GB, ga kuma Dell Precision 7550 mai uban nauyi. Wacce ta fi?

Injiniya Bala, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka rabu da siririyar nan. Kada tambarin i7 ya ruɗe ka, harafin ƙarshe na lambar firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, za ka duba. Mai U an yi ta ne don adana batir, wat 15 take ja, ga fanka guda ƙarama. Da ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta, nan ne za ka ga zane yana maƙalewa in ka juya shi. Mai H, irin wadda ake sa wa manyan injuna kamar Precision, tana jan wat 45, kuma an yi mata hanyar fitar da zafi daidai da hakan. AutoCAD da Revit yawancin aikinsu a kan ƙwaya ɗaya ta firosesa suke yin sa, don haka saurin da za ta iya riƙewa na tsawon lokaci ya fi yawan ƙwayoyin amfani.

Precision 7550 tana da ramin RAM huɗu, ka fara da 16GB ka ƙara zuwa 32GB, don Revit akwai ci in fayil ya yi girma. Amma 7550 iri-iri ce. Wata katin sarrafa hoto na NVIDIA, Quadro T1000, ne a ciki mai 4GB, wata RTX 3000 mai 6GB, wata ma ba ta da katin NVIDIA sam. Ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin injin, ka gani da idonka.

Hajiya Maryam, mai zanen gine-gine:
Injiniya, na yarda da kai a kan firosesa, amma tunda ya ambaci Lumion, maganar kati ce gaba. T1000 za ta jigata, kuma ba ta iya sabon tsarin hasken da Lumion ya shigo da shi a 2023, sai kati irin RTX. In ba a samu mai RTX 3000 ba, gara laftof ɗin wasanni irin Lenovo Legion 5 mai RTX 3060 da 6GB. Fifikon Quadro a SolidWorks ya fi bayyana, su masu zanen injuna, shi kuwa gini yake zanawa. A kula, 3060 ɗin ma ba ɗaya ba ce: wani kamfanin wat 60 yake ba ta, wani sama da 100, suna ɗaya aiki daban. MacBook kuwa kada ma a kawo maganarta, Revit da Lumion na Windows ne.

Malam Isa mai gyara, Ikeja:
Duk wacce ka zaɓa, kada ka biya sai ka gwada, kuma cikin shago, ba hannun yaran da ke tare mutum a bakin titin Otigba ba. Ka je da filashi ɗauke da manhajojin gwaji: HWiNFO na duba zafi, Cinebench na gwada ƙarfin firosesa, da CrystalDiskInfo na duba ma'ajiyar fayil. Fara shiga BIOS, shafin saitin injin kafin Windows ta buɗe, in an kulle da kalmar sirri, ajiye musu abarsu. A nan Dell take nuna ƙarfin cajar da aka jona. Ita 7550 cajar wat 180 take so. Sau da yawa ana haɗa mutum da ƙarama ko jabu, injin ya ƙi gane ta, ya rage gudu, batir ya ƙi cika, sai a yi ta zargin laftof alhali caja ce.

Sai ka kunna Cinebench minti 10 kana kallon zafi. In ya manne wajen digiri 100 gudu yana faɗuwa sosai, fanka ta toshe ko man da ake shafa wa firosesa don fitar da zafi ya bushe. Gyara ne mai sauƙi, amma a rage maka kuɗi. A Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, rubuta powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfin batir na asali da na yanzu. Duba lafiyar SSD, wato ma'ajiyar fayil, kuma girmanta kada ya gaza 512GB. A rubuta lambar injin a rasit tare da kwanakin garanti.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Malam Isa, batun wuta fa? In an ɗauke, za ta riƙe ni?

Malam Isa mai gyara, Ikeja:
Zanen AutoCAD za ta ɗan ja, amma Lumion a kan batir da ƙyar ka wuce awa guda, kuma katin yana rage ƙarfi da zarar an cire caja. Ka ware kuɗin inbata da abin kare hauhawar wuta, musamman in janareto kake amfani da shi.