Me ya sa mafi yawan masu sunan Washington baƙar fata ne?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana tarihi. Janar George Washington, wanda ya jagoranci sojojin Amurka a yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila tsakanin 1775 da 1783, farar fata ne, kuma bai bar ɗa na cikinsa ba. Amma masu wannan suna da nake jin labarinsu a yau, irin su ɗan wasa Denzel Washington, baƙar fata ne. Shin jikokin bayinsa ne?

Malamin Makaranta:
Wa alaikumus salam. Abin da ka lura da shi haka yake, domin ƙidayar Amurka ta shekarar 2000 ta nuna mutum fiye da 160,000 ne ke amsa sunan, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari baƙaƙe ne. Sai dai ba duka suka fito daga gandunsa ba. Lokacin da ya rasu a 1799 akwai bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon, 123 daga cikinsu mallakarsa ne, kuma su ne ya yi wasiyyar a 'yanta. Hatta sanannun bayin gidan, kamar William Lee da Ona Judge wadda ta gudu a 1796, da wasu sunaye aka san su. Sunan ya yaɗu ne bayan an haramta bauta a 1865, lokacin da 'yantattu da yawa suka samu damar zaɓar sunan da zuriyarsu za ta gada, sai wasunsu suka ɗauki wanda babu Ba'amurken da zai ce baƙo ne.

Hajiya Mai Karatu:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Booker T. Washington, shugaban farko na makarantar Tuskegee da aka buɗe a 1881, misali ne na kusa. An haife shi cikin bauta, kuma da aka tambayi sunansa a aji yana yaro, shi da bakinsa ya ƙara Washington. Abin yana taɓa mini zuciya, yaro ya raɗa wa kansa suna saboda an hana shi gadon na ubansa.

Ɗan Zazzau:
Ina da ɗan gyara, Malam. Kada mu ɗauka kowa zaɓa ya yi don girmama janar ɗin. Akwai wasu iyalan Washington da su ma suka mallaki bayi, kamar masu gandun taba na Wessyngton a jihar Tennessee, inda 'yantattu da dama suka ci gaba da amsa sunan iyayengijinsu. Saboda haka sai an bi tarihin kowane gida daban kafin a yanke hukunci.