Shawarwari Kan Alhakin Shugabannin Ikilisiya

Ranar Lahadi bayan sujada, mun shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro a harabar majami'armu a Tahoua, muka yi nazarin Matiyu sura 23, inda Yesu ya tsawata wa malaman Attaura da Farisiyawa saboda suna gina kaburburan annabawan da kakanninsu suka kashe, alhali su kansu suna ƙin wanda aka aiko musu.

Shawarar da aka fi jaddadawa ita ce, kada fasto ko dattijo ya ɗauki mai yi masa gargaɗi a matsayin maƙiyi. Wani dattijo ya tuna mana da Zakariya ɗan Yehoyada, wanda aka jejjefe shi da duwatsu a farfajiyar Haikali bisa umarnin sarki Yowash, domin ya faɗi gaskiyar da ba a son ji.

Maganar da ta fi ratsa ni ta fito ne daga bakin wata uwa cikin zumuntar mata. Ta ɗauko aya ta 37, inda Yesu ya kwatanta kansa da kazar da ke son tattara ƴan tsakinta ƙarƙashin fikafikanta, ta ce duk mai kiwon kaji ya san abin da shaho yake yi wa ɗan tsakon da ya rage a fili. Don haka shugaban da ya ƙi jinƙan Allah ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da jama'ar da ke bayansa.

An kuma karanta Yakubu 3:1, mai cewa hukuncin masu koyarwa zai fi tsanani, sannan dattawa suka amince su riƙa sauraron koken matasa kafin su yanke shawara.