Kadarar kwantai ko matacciyar kadara?

Jama'a, ina neman taimakonku kan kalmar da masana harkar kuɗi ke kira "stranded asset". Ina fassara wani bayani kan sauyin yanayi da bankuna, sai na cije a nan.

Ga abin da ake nufi. A birnin Hambug na Jamus, kamfanin Vattenfall ya gina tashar lantarki ta Moorburg mai aiki da kwal. Ta fara aiki a 2015, aka rufe ta a 2021. Injinan lafiyarsu ƙalau, an gina su ne don su yi shekaru da dama suna aiki. Jamus ce ta juya wa kwal baya, kuɗin da ake biya saboda fitar da hayaƙi ya hau, riba ta tafi. Irin wannan dukiya ita ake nufi.

Abin tsoron shi ne da bashi ake gina irin waɗannan. Banki ya ba da rance, ya riƙe kadarar a matsayin jingina, kamfanonin inshora da asusun fansho sun zuba kuɗi. Ranar da darajarta ta faɗi, jinginar ba ta kai bashin ba. In abu ɗaya ya sami bankuna da yawa lokaci guda, sai su ƙi ba kowa rance. Wannan ne Mark Carney ya yi gargaɗi a kai a Landan a Satumban 2015, yana gwamnan babban bankin Ingila.

Wani ɗan'uwa ya ce "matacciyar kadara". Ban gamsu ba, domin abin bai mutu ba, yana tsaye da ƙafarsa. Wata malama ta kawo "maƙalalliyar kadara". Ta bi Turancin sau da ƙafa, amma Bahaushe zai ɗauka wani ne ya riƙe ta a kotu. "Kango" kuma gini kawai yake nufi, alhali man fetur da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda dole a bar shi a can in ana son cika burin Yarjejeniyar Paris ta rage ɗumamar yanayi, shi ma yana ciki.

Ni dai zuciyata ta kwanta da "kadarar kwantai". Kwantai kaya ne mai kyau da ya rasa mai saye, kowa ya san zafinsa ba sai an yi bayani ba. Na san ana iya cewa kwantai yakan sami kasuwa gobe, wannan kuwa ba lalle ba. Ku gwada ta a baki: "Rabin jinginar bankin nan kadarar kwantai ce." In akwai wadda ta fi ta zama daram, ku kawo.