Bushi ko boris a injin tankaɗe riɗi?

Mai injin riɗi, Gadarif:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A jikin injinmu akwai doguwar sanda mai murɗaɗɗen ƙarfe wadda ke tura riɗi cikin kwararo, tana juyawa kusan sau 60 a minti. Boris ɗin da ke riƙe da tsakiyarta ya mutu sau uku a kakar bana, kuma duk lokacin da muka kwance shi sai mu tarar giris ya cakuɗe da ƙura ya koma kamar laka. An ba ni shawarar in sa bushi na tagulla, wato zobe marar ƙwallaye da sandar za ta riƙa juyawa a cikinsa, amma ina ganin kamar koma baya ne. Me kuka gani?

Magyarin inji, Maiurno:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba koma baya ba ne ko kaɗan. Ƙwallayen boris a kan ɗan tsinin wuri suke ɗaukar nauyi, shi ya sa ƙwayar yashi ɗaya ke isa ta huda hanyarsu, alhali bushi yana baza nauyin a faɗin jikinsa, kuma da yake ya fi sandar taushi, shi ne zai ci, ita ta tsira. Yakan kuma ci a hankali, har mutum ya ji sandar ta fara wasa ya shirya canji, maimakon aiki ya tsaya rana tsaka buhuna na jibge. Sai dai a tabbata sandar sumul take. Idan ta riga ta yi zane, sabon bushi ba zai kai sati ba. A bar ratar da ke tsakanin sanda da bushi kusan kashi 1 cikin 1000 na kaurin sandar, wato milimita 0.05 ga sanda mai milimita 50.

Injiniya, Damazin:
Na yarda da Malam, amma kada Alhaji ya taɓa boris ɗin cikin motar lantarkin da ke juya injin. Abin da ke gudu sau 1450 a minti ba zai zauna a kan bushi mai giris kaɗai ba, zafi zai cinye shi. Manyan injinan wuta irin na madatsar Rusairis a kan shimfiɗa irin ta bushi suke juyawa, amma sandarsu a kan mai take yawo, ba ta taɓa ƙarfe, kuma sanyaya man ake yi kullum.

Magyarin inji, Maiurno:
Haka ne, Injiniya. Na kuma tuna cewa riɗi abinci ne, don haka bushin da ke cikin kwararon gara a yi shi da nailan ko katako mai tauri da ya sha mai, kada giris ya ɗiga cikin kaya. Alhaji ya auno mana kaurin sandar tukuna.