Soke h: lissafi ne ko rufa ido?

Ɗaliba: Salamu alaikum. Malam, ni dai gani nake akwai rufa ido a darasin jiya. An ba mu f(x) = x² + 3x, aka ce mu nemo [f(x+h) − f(x)]/h. Na buɗe baka, na debe, saura 2xh + h² + 3h. Na raba da h, na samu 2x + h + 3. Sai kuma aka ce h ta koma sifiri, amsa 2x + 3. Ba tun firamare aka hana mu raba abu da sifiri ba?

Injiniya: Ƙanwata, kada ki wahalar da kanki. Sauko da 2 gaban x, ita kuma 3x ta bar miki 3. Amsar dai ɗaya ce.

Malam: Wa alaikumus salam. Injiniya, ba amsar take tuhuma ba, hanyar take tuhuma, kuma da hujjarta. Irin wannan sukan George Berkeley, wani limamin coci ɗan Ailan, ya yi wa lissafin Newton a 1734. Sai a ƙarni na 19 Cauchy a Faransa da Weierstrass a Jamus suka toshe ɓarakar.

Ɗaliba: Ke nan da gaskiyata, Malam?

Malam: Rabi. Lokacin da kika soke h, ba sifiri ba ce, don haka rabawar halal ce. Bayan nan ma ba mai da ita sifiri muke yi ba, muna duba inda amsar ta dosa ne idan h tana ta ƙanƙancewa. Ɗauki x = 1. Idan h = 0.1, f(1.1) = 4.51, debe f(1) wato 4, raba da 0.1, kin samu 5.1. Idan h = 0.01, 5.01. Idan h = −0.1, 4.9. Ta gaba da ta baya, 5 ake dosa.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ai 5 ɗin nan na ba ta tun ɗazu. Ban ga amfanin zagayen ba.

Malam: To gwada |x|, wato x ba tare da alamar debewa ba, a x = 0. Rabon ya zama |h|/h: idan h ta haura sifiri 1 ne, idan ta gaza sifiri −1 ne, komai ƙanƙantarta. Ba wuri guda suka dosa ba, saboda haka babu amsa a wurin. Gajeriyar hanyarka ba za ta faɗa maka haka ba.

Injiniya: Wannan kam na yarda. Amma a ɗakin jarrabawa gajeriyar zan bi.

Ɗaliba: Yaya, idan takardar ta ce a nemo daga tushe fa? Malam, a ba mu 1/x mu gwada, ta fi wuyar sauƙaƙawa.

Malam: Ku fara haɗa 1/(x+h) − 1/x a kan x(x+h), ku kula da alamar debewa. Ku turo kafin Isha'i.